Wanda ya ce muku MMA ba ta da doka bai san wasan ba

Duk kun ga bidiyon nan na yaron da aka shaƙe har ya suma da sunan wasan faɗa na MMA, ba sai na sake ɗora shi ba, kuma masu yaɗa shi don Allah ku daina. Yaro ya bubbuga cinyar wanda ya shaƙe shi ya fi sau biyar, alamar ya sallama, ana ganin hannunsa ƙarara, babu wanda ya raba. Hannun ya saki, ƙafafu suka miƙe, amma ana ta ihun "riƙe shi, kar ka saki". A kan faƙon masussuka, ranar kasuwa, ga magidanta a tsaye kowa ya ɗaga waya. Kwanansa ne kawai ke gaba. Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne maganar da ake ta maimaitawa a ƙarƙashin bidiyon, wai ai MMA ce, ba ta da doka, wanda ba zai iya ba ya koma gefe. Wallahi wannan maganar sai ta kashe mana yaro a Jigawa ko Kano idan ba a tsaya an gyara ta ba.

MMA doka ce tun daga sama har ƙasa. Idan ka cire dokar, abin da ya rage faɗan bayan kasuwa ne, ko da wane suna ka kira shi.

Ma'anar sunan ita ce haɗa salon faɗa iri-iri a wasa ɗaya: naushi irin na damben zamani, shuri da gwiwa irin na damben Tailan, kaye irin na kokawa da judo, sannan murɗa gaɓa da shaƙa a ƙasa irin na jujitsu. Tunanin tsoho ne. Mutanen Girka sun shigar da irinsa cikin wasannin Olamfik tun shekara 648 kafin haihuwar Annabi Isa, suna kiransa pankration, kuma ko su a wancan zamanin sun hana cizo da ƙwaƙule ido, alƙali na tsaye da bulala yana jiran mai karya doka, wanda ya gaji kuma ya ɗaga yatsa a tsayar da wasa. Shekara dubu biyu da ɗari shida ke nan da mutane suka gane dole a bar wa wanda aka fi ƙarfi ƙofar fita.

Wadda kuke kallo yau a gidan kallo kuwa, jijiyarta tana Brazil. Wani gwanin judo ɗan Japan, Mitsuyo Maeda, ya sauka can a 1914, ya zauna a garin Belem, ya koyar da Carlos Gracie. Carlos da ƙaninsa Helio suka mayar da hankali kan abin da ke faruwa bayan an kai ƙasa, suka yi shekaru suna ƙalubalantar masu sauran salo a wasan da ake kira vale tudo, wato komai ya halatta. A 1951 Helio ya kara da zakaran judo Masahiko Kimura a filin Maracana. Kimura ya murɗe masa hannu ta baya, Helio ya ƙi sallamawa, hannun ya karye, yayansa Carlos ya jefa tawul aka tsayar. Har gobe sunan wannan riƙon kimura. Ku lura da kyau: ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan jujitsun Brazil ke nan, taurin kai bai hana ƙashinsa karyewa ba, ɗan'uwansa da ke gefe ne ya cece shi. Shi yaron namu wa ya tsaya masa a gefe?

Aka zo ran 12 ga Nuwamba 1993 a birnin Denver na Amurka, aka yi gasar farko ta UFC, babban kamfanin shirya wasan MMA. Mutum takwas, dare ɗaya, babu ajin nauyi, babu alƙalan maki. A karawar farko Gerard Gordeau ɗan Holan ya shuri wani ƙaton ɗan sumo, wato kokawar Japan, da ya haura kilo 180 a baki, haƙori ya yi tsalle, cikin daƙiƙa 26 aka gama. Wani ɗan damben zamani, Art Jimmerson, ya shigo da safa a hannu ɗaya kamar ɗan dambenmu da ya yi naɗi, bai samu ya kai naushi mai amfani ko ɗaya ba, Royce Gracie ya kai shi ƙasa ya haye ƙirjinsa, ya sallama. Royce ɗin nan bai fi kilo 80 ba, ya cinye mutum uku a daren, duka karawar ukun ba su cika minti biyar ba, ya tafi da dala 50,000. Darasin da duniya ta ɗauka a ranar shi ne duk ƙarfin hannunka, in ba ka san ƙasa ba, an gama da kai. Kuma duka ukun da Royce ya ci, bubbugawa suka yi aka sake su, suka tashi da ƙafafunsu.

To wancan zamanin na rashin doka da kuke yabo, shi ne ya kusa kashe wasan. A 1996 Sanata John McCain ya kira shi faɗan zakaru na 'yan Adam, ya rubuta wa gwamnonin jihohin Amurka takarda, jihohi 36 suka haramta shi, kamfanonin talabijin suka janye. Dole aka dawo aka gyara. A 1997 aka raba ajin nauyi aka kuma wajabta safar hannu, a 1999 aka shigo da turmi-turmi na minti biyar, a 2001 hukumar wasanni ta jihar New Jersey ta tsayar da dokokin bai ɗaya da ake bi har yau. A shekarar ce aka sayar da kamfanin UFC kan dala miliyan 2 don ya durƙushe. A 2016 an sake sayar da shi kusan dala biliyan 4. Jihar New York ba ta yarda da wasan ba sai 2016, Faransa sai 2020. Doka ce ta ɗaga shi daga inda ya faɗi, doka ce ta sa Kamaru Usman, ɗan Najeriyan da ya riƙe kambun UFC, ya samu abin da zai ci abinci da shi.

Ga abin da wayarku ba ta nuna muku, don ita minti ɗaya na ƙarshe kawai take yanko muku. Turmi uku ake yi, kowanne minti biyar, hutun minti ɗaya a tsakani, na kambu ko babban wasan dare turmi biyar. Safar hannu mai buɗaɗɗun yatsu, nauyinta wajen giram 113, an naɗe hannu a ciki an duba an sa hannu a kan naɗin. Robar baki dole. Makarin gaba dole. Daɓen kejin da ake karawa a ciki katako ne, an shimfiɗa soso mai tauri aƙalla inci ɗaya, an lulluɓe da tamfol. Alƙalan maki uku a waje, alƙalin wasa ɗaya a ciki wanda ba shi da aikin da ya wuce kallon idon wanda ake duka, likita a bakin keji mai ikon cewa a tsaya, motar asibiti a ƙofa. Kafin ranar an ɗebi jinin kowa an duba ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, don jini na zuba a wasan nan kuma yana haɗuwa, an duba ido. Wanda aka sumar da naushi, hukuma na dakatar da shi wata guda ko biyu ko fiye, ko atisayen bugu ba zai yi ba.

An hana karo da ka. An hana tsokane ido, cizo, jan gashi, sa yatsa a baki ko hanci, dukan gaba, dukan maƙogwaro, dukan ƙeya da ƙashin baya. An hana lanƙwasa yatsa ɗaya-ɗaya. An hana shurin mutumin da ke ƙasa a ka ko buga masa gwiwa a ka, an hana tattaka shi. An hana ɗaga mutum a soka shi da ka ko wuya. A bidiyon nan na ƙirga uku daga cikin waɗannan kafin ma a kai ga shaƙar.

Ita shaƙar, ku tsaya ku fahimci abin da take yi. Manyan jijiyoyi biyu ne a gefen wuya, dama da hagu, su ke kai jini ƙwaƙwalwa. Idan damtse da sangalin hannu suka matse su tare, cikin kamar daƙiƙa goma mutum ya tafi. Ba ya jin zafi sosai, duhu kawai yake gani, shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya bubbuga tun yana da sauran hankali. Da an saki nan take, jini ya koma, cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin ya farfaɗo yana tambayar me ya faru. Idan aka ci gaba da riƙewa bayan ya suma, kowace daƙiƙa ƙwaƙwalwa ake yunwatarwa, jijjiga ta biyo baya, fitsari ya kuɓuce, in aka kai 'yan mintuna ko dai gawa ko mutumin da ba zai sake gane mahaifiyarsa ba. Sannan wanda bai koya ba ba ya ma kama jijiyar, ƙashin hannunsa yake ɗorawa a kan maƙogwaro ya ja da ƙarfi. Guringuntsin maƙogwaro na iya tsagewa, yaro ya tashi yana dariya, da dare wurin ya kumbura numfashi ya toshe. Duk wanda aka shaƙe muryarsa ta dishe, ko haɗiyar yawu ta gagare shi, ko numfashinsa na fita da ƙara, asibiti za a kai shi a ranar.

Saboda haka bubbugawa ita ce darasi na farko a duk inda ake koyar da wasan nan a duniya, kafin naushi, kafin kaye. Ka buga jikin abokin karawarka sau biyu ko uku da tafin hannu inda zai ji. In hannuwanka a riƙe suke ka buga ƙasa da ƙafa. In ba hali ka yi magana. Shi kuma ya saki nan take, ba sai ya waiwayi 'yan kallo ba. Wanda ya ƙi saki, hukuma na cin tararsa ta dakatar da shi, akwai wanda UFC ta kora gaba ɗaya a kan haka.

A nan ne matsalarmu take, kuma ban ga laifin yaran kamar yadda na ga na manya ba. Mu a gargajiyarmu ƙasa ita ce ƙarshen wasa. A dambe, hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, kiɗa ya canza, an raba. A kokawa an yi kaye an gama. Ba a taɓa jin ɗan damben Kudu ko Arewa ko Guramada ya buge mutum sannan ya bi shi ƙasa yana ƙara masa ba, wanda ya yi haka ya zubar da mutuncinsa da na ɓangarensa. Wato iyayenmu sun gina wasanninsu yadda ba a buƙatar kowa ya ce na sallama, faɗuwa ce ke faɗa masa. To yanzu an kawo wasan da faɗuwa ce farkonsa, aka zuba shi a hannun samarin da aka raina a kan cewa namiji ba ya cewa wayyo, babu wanda ya gaya musu akwai wata alama da ke tsayar da komai. Na ƙasa yana jin kunyar bubbugawa a gaban 'yan matan gari, na sama bai san ma'anarta ba, 'yan kallo suna jiran kisa irin na dambe wanda ba zai zo ba don an riga an kai ƙasa. Dambe yana da sarkin dambe, yana da masu raba, yana da turmi uku. Abin da aka yi a masussukar nan ba shi da dokar dambe, ba shi da ta kokawa, ba shi da ta MMA.

Wani zai ce ai Francis Ngannou, tsohon zakaran UFC na ajin manya, daga ramin yashi ya fito. Haka ne, tun yana ɗan shekara goma yake haƙar yashi a Batie ta ƙasar Kamaru. Amma ramin yashi ƙarfi ya ba shi, wasan a Paris ya koye shi a hannun masu horarwa daga 2013. Kuma a Janairun 2018, da duk ƙarfin nan nasa, Stipe Miocic ya yi ta kai shi ƙasa yana danne shi har turmi biyar, numfashinsa ya ƙare, ya sha kaye. Sai da ya koma ya zauna ya koyi kokawa, ya dawo a Maris 2021 ya karɓi kambun, Kamaru Usman na cikin masu ba shi shawara a gefen keji. Shi Usman ɗin, haifaffen Auchi, kokawa ya fara tun a sakandare a Texas, ya zama zakaran jami'o'i na rukuninsa a 2010, bai ɗauki kambun UFC ba sai 2019. Israel Adesanya ya yi karawa wajen tamanin a damben shuri kafin a san shi a keji. Khabib na Dagestan tun yana ƙaramin yaro mahaifinsa ke koya masa kokawa, daga baya ya ƙara da judo da sambo, kokawar Rasha. Babu ɗayansu da ya koya a waya.

Wani kuma zai ce talauci ne, ba mu da keji ba mu da soso. Ban karɓa ba. Sikelin da ake auna riɗi da shi a Gujungu da Maigatari zai auna yaro. Ajin nauyin a fili yake: kilo 57, 61, 66, 70, 77, 84, 93, sai manya har 120. Ku duba tazarar da ke tsakanin ƙananan, kilo huɗu zuwa biyar ce kacal, don masana wasan sun san abin da bambancin kilo goma ke yi idan mutum ya hau ƙirjinka. A bidiyon nan na sama ya girmi na ƙasa da shekaru, kuma ko makaho ya shafa ya san ya fi shi da kilo goma sha biyar. Wannan ba kuɗi ya hana ba. Yashin rafi kyauta ne, kuma a kansa kakanninmu suka yi kokawa: a tankaɗe shi a fitar da tsakuwa da ƙaya da fasassun kwalabe, a zuba ya kai tsawon tafin hannu ko fiye, a kewaye da buhunan yashi. Masussuka kuwa an daɓe ta ne don ta yi tauri a casa gero, da rani ba ta da maraba da siminti. Yawancin mummunan rauni a irin wannan faɗan daga faɗuwa yake zuwa, ƙeya ta bugi ƙasa, jini ya taru a cikin ƙoƙon kai. Shi ya sa ɗalibin judo ke shafe makonni yana koyon faɗuwa kawai: haɓa a manne da ƙirji, baya a lanƙwashe, a mari ƙasa da dukan hannu, kada a tokare da tafi, don tokarewar ce ke karya wuyan hannu ta goce gwiwar hannu.

Masu cewa a hana gaba ɗaya, ku je ku hana mana, gobe za su koma bayan makarantar firamare inda babu babba ko ɗaya. Masu kawo maganar addini kuma, malamai na nan a tambaye su, hadisin nisantar fuska sananne ne, kokawar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Rukana ita ma sananniya ce. Ni abin da nake roƙon masu unguwanni da dagatai, Allah ya ja zamaninku, shi ne duk inda samari za su taru da sunan wannan wasa a ce sai a kan yashi, sai an auna nauyi, sai da babba ɗaya da kowa ke jin maganarsa a tsakiya, wanda aka yarda in ya ce a saki an saki. Yaran da ba su kai shekara goma sha takwas ba su tsaya a kokawa da kaye, babu dukan kai. Shaƙa da murɗa gaɓa kuma a ajiye su sai an samu wanda ya koya a hannun malami ya zo ya koyar, a hankali, ba a gaban taro ba. Wanda ya sha ƙwaya kada ya shiga, don tiramol na ɓoye zafin da zai sa mutum ya sallama, kuma tana jawo jijjiga.

Abin da aka yi wa yaron bayan ya suma ma kuskure ne a kan kuskure. An ɗaga shi zaune, ana girgiza kansa, ana ɗura masa ruwa. Wanda ya suma ba ya haɗiya, ruwan huhu yake tafiya. A kwantar da shi, a duba ƙirjinsa na ɗagawa. In yana numfashi a juya shi gefe ɗaya, kai da wuya da gangar jiki tare kamar ana juya gungume. In ba ya numfashi a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, ana neman mota. In ya wuce minti ɗaya bai dawo ba, asibiti. In da ka ya faɗi kuma yana cewa wuyansa, ko yatsunsa sun mutu, kada a ɗora shi a babur, a nemo ƙyauren ƙofa a kwantar da shi a kai, mutum ɗaya ya riƙe kan kada ya motsa. Wanda ya bugu a ka a sa masa ido kwana biyu: amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, ruwa ko jini daga kunne, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, duk alamun jini ne a cikin kai, sai babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa irin na Malam Aminu Kano. Kuma ko ya warware kada ya sake karawa a makonnin nan, bugu na biyu a kan na farkon da bai warke ba shi ne ke kumbura ƙwaƙwalwar matasa.

Tunda na ambaci gocewar gwiwar hannu, bari in faɗi wannan don na ji an ce ɗaya yaron da ya kara kafin su an kai shi wajen mai ɗori. Masu ɗorinmu sun iya karayar sangali, ba na raina su. Amma gwiwar hannu wuri ne da babbar jijiyar jini ke bi ta gabansa, kuma a jikin yaro ƙashin da ke saman gwiwar ne ke yawan karyewa, a zaci gocewa ce a ja a murɗa. Sai a jera karare a ɗaure tamau a kan hannun da bai gama kumbura ba, kumburin ya rasa inda zai je, jini ya daina sauka. A fara ɗaukar hoto tukuna, ko a babban asibitin ƙaramar hukuma ko a wuce Asibitin Ƙashi na Dala. In an riga an ɗaure, iyayensa su riƙa duba yatsun: a matsa farce a saki, in jan bai dawo cikin daƙiƙa biyu ba, ko yatsun sun yi sanyi, ko sun yi baƙi-baƙi, ko yaron na ihu in an miƙar masa da su, a kwance ɗaurin nan a daren, kada a jira mai ɗori ya dawo daga kasuwa.